Zauren 'Yan Dogo: Me fitilun gaban jirgin kwal suke faɗa?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan fitila suka taru, don haka na ajiye tambayoyin fenti da na shimfiɗa layi sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Yayana da ke karatu a Ingila ya aiko mini da ƙaramin kan jirgin ƙasa na wasa, ƙirar kamfanin Hornby, irin mai kwal, da taragun fasinja uku. Ya haɗo da wata 'yar leda mai ƙananan fararen fitilu, amma ba sa kamawa, ko waya ma ba su da ita. A gaban jirgin na ga wasu 'yan ƙarafa huɗu a tsaye, sai na manna fitila a kan kowanne don ya yi kyau. Abokina ya gani ya ce na yi shirme. Ina gaskiyar take? Daga wani ɗalibi a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya fi ka gaskiya, sai dai shirmen naka mai daraja ne, domin sarauta ka naɗa wa jirginka. A layin dogo na Birtaniya a zamanin jirgin kwal, kan jirgin da ya ɗauki fitila huɗu gaba ɗaya shi ne wanda ya ɗauko Sarki ko Sarauniya. In ba Sarauniyar ce a cikin taragun nan naka uku ba, sauke biyu.

Ka fara cire wa ranka cewa fitilun nan na haska hanya ne. Fitilun kananzir ne masu lagwani, haskensu ba ya nuna wa direba komai a gabansa. Tun ƙarni na 19 doka ta wajabta wa kamfanonin jirgin ƙasa na can su kewaye layinsu da shinge, don haka direba ba ya tsammanin saniya a kan hanya. Abin da yake nema da dare shi ne ja ko koren sigina, kuma babbar fitila a gabansa sai dai ta dame shi. Fitilun gaba saƙo ne ga mutanen ƙasa, musamman mai sigina, wanda ke zaune a ɗan benensa mai tagogi a bakin layi yana jan sandunan ƙarfe don buɗe hanya ko sauya layi. Da ya hango jirgi daga nesa, wurin da aka ɗora fitilun zai gaya masa ko wane iri ne, ko na gaggawa ne da za a share wa hanya, ko na kaya ne da za a tura gefe ya jira. Da rana ba a kunna su. Farin jikin fitilar a kan baƙin gaban injin shi ne alamar. Sai dare ko hazo ake sa musu wuta. Saboda haka fitilunka da ba sa kamawa daidai suke da jirgin rana.

Maƙalan huɗu ne kamar yadda ka gani: ɗaya a sama, ƙarƙashin bututun hayaƙi, uku kuma a jere a ƙasa, wato ɗaya a kan kowane matarin karo, ƙarafan nan biyu masu faɗin kai da ke hagu da dama, ɗaya a tsakiyarsu. Ɗora fitilun aikin mai zuba kwal ne, kafin jirgi ya tashi.

Jirgin ujila na fasinja, wato na gaggawa, yana ɗaukar biyu a ƙasa, hagu da dama, ba komai a tsakiya, ba komai a sama. Shi ne hoton da kowa ya fi sani. Jirgin fasinja na gama-gari, mai tsayawa kowace tasha, fitila ɗaya ce a sama. Kan jirgi da ke tafiya shi kaɗai ba tarago, ɗaya a ƙasa a tsakiya. Ɗaya a sama da ɗaya a tsakiyar ƙasa jirgin kaya ne mai dogon zango wanda ba ya sauri. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne jirgin ceto, mai ɗauke da ƙugiyar ɗaga tarago: in zai je buɗe layin da haɗari ya toshe, alamar jirgin ujila yake ɗauka don kowa ya ba shi hanya. In ya gama aiki zai koma gida, sai a sauke masa wannan girma.

Kamfanoni da yawa sun daɗe suna bin tsari mai kama da wannan tun kafin 1923, shekarar da aka haɗe su suka zama manya huɗu. Bayan gwamnati ta karɓe su a 1948, sai a 1950 aka jera azuzuwan jirage da haruffa daga A zuwa K, aka tsallake I, suka zama goma. Ujila shi ne A, na gama-gari B, kan jirgi shi kaɗai G. A 1962 aka mayar da haruffan lambobi, A ta koma 1, B ta koma 2, K ta koma 9, G ta koma 0. Jirgin kwal kansa bai daɗe bayan nan ba, a watan Agusta na 1968 aka sallame shi daga babban layi.

Taragu uku dai ba su cika ujila ba. Ni da ni ne, ɗaya zan bari a sama, in ce jirgin ƙauye ne.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mai gyaran agogo ne a wajen Terminus, kuma na daɗe ina tara ƙananan jirage. Kan jirgi ɗaya gare ni mai kyau, yau ya ja fasinja, gobe ya ja kaya. In na manna fitila da gam ai na ɗaure shi a aji ɗaya ke nan. Sannan zanen da na samu na jiragen kaya ya ruɗa ni, ban san ko hagun direba ake nufi ko hagun mai kallo ba.

AMSA: Barka kadai, Malam. Ruɗewarka tana da dalili, domin a jiragen kaya azuzuwa shida tagwaye ne, gefe kawai ya raba su. C da E duk fitila ce a tsakiya da ɗaya a gefe. D da F ɗaya a sama da ɗaya a gefe. J da K kuwa fitila ɗaya tal a gefe guda. Zanen ana yin sa ne yadda mai sigina yake ganin jirgin, wato kana tsaye a gabansa yana fuskantarka. Ka juyo da naka ya kalle ka, sannan ka kwafa. A haka, ajin C yana da ɗaya a tsakiya da ɗaya a hagunka, E kuma a damanka.

Bambancin ba na banza ba ne, maganar birki ce. A zamanin, yawancin taragun kaya na Birtaniya ba su da birkin da direba zai kama daga gaba. Jirgi mai tarin taragun kwal sai ya dogara da birkin injin da na taragon ƙarshe kawai, don haka dole ya yi tafiyar hawainiya. Ajin C shi ne wanda birkinsa ya ratsa dukkan taragu, masu ɗauke da kifi, madara, 'ya'yan itace da ƙunshin saƙonni, abubuwan da ba sa jira. D aƙalla kashi ɗaya cikin uku na taragunsa suna da birkin, E kaɗan ne a gaba, F babu. J na kwal da ma'adinai ne ko taragu fanko. K shi ne ɗan tsince-tsince, mai tsayawa kowace tasha ya ajiye tarago biyu ya ɗauki ɗaya. Ke nan kafin ka zaɓi fitila, ka dubi abin da ka jona a baya. Wanda ya jera buɗaɗɗun taragun kwal goma sha biyar ya ɗora musu alamar C ya yi wa mai sigina ƙarya, kuma a layi na gaske irin wannan ƙaryar tana iya sa a saki jirgi mai jan ƙafa a gaban na ujila.

Maganar gam kuwa, kai da ke da hantsaki da gilashin ido na aikin agogo ka fi mu duka sauƙi. A sikelin OO, inda milimita 4 ke matsayin ƙafa ɗaya, fitilar ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Ka kama ta a ɗan matsi, ka huda gindinta da abin huda na rabin milimita, da hannu, ba da inji ba, don robar ko dalmar ba ta jure zafi. Ka tura ɗan kakin zuma cikin ramin da bakin allura. Shi ke nan, za ta zauna a kan maƙali ta riƙe, ka cire ta lokacin da kake so. In maƙalan jirginka zane ne kawai a jikin roba, kamar na tsofaffin samfura, kankare su ka dasa sabbi da ƙarfen abin maƙala takarda na ofis, ka lanƙwasa shi ka yanke. Ga idon fitilar, je wurin masu ɗinkin mata ka nemi mafi ƙanƙantar duwatsun da suke mannawa a leshi, fari da ja. Ɗaya daga ciki a gaban fitila yana kama hasken ɗaki har ka rantse tana ci. Ka yi aikin a cikin faranti mai baki, domin wadda ta faɗi a siminti ta tafi ke nan.

Kar ka manta, in injin yana tafiya da baya, taragon kwal ɗinsa a gaba, fitilun can suke komawa. Akwai maƙalai a bayansa saboda haka.

TAMBAYA: Baba, mijina ya kafa wa yaranmu layi a kan tebur, ni ce kuma na zama mai fenti. Na ga jajayen fitilu a cikin kayan. A gaba ake sa su ko a baya, kuma guda nawa? Daga wata uwa a Rikkos.

AMSA: A baya, 'yata, kuma guda ɗaya, a jikin taragon ƙarshe. In za a tambaye ni fitilar da ta fi kowace muhimmanci a jirgi, ita zan nuna. Ma'anarta ita ce jirgin ya wuce cikakke, bai bar wani tarago a hanya ba. Mai sigina ba ya buga wa maƙwabcinsa ƙararrawar cewa layi ya buɗe, bugu biyu sannan ɗaya, sai ya ga wannan fitilar da idonsa. In jirgi ya wuce babu ita, bugu tara a jere yake aika wa na gaba don a tsayar da jirgin, ya kuma sanar da na baya kada ya saki wani, domin wataƙila rabin jirgi na tsaye a cikin duhu. Dare da rana ake rataya ta. Kan jirgi da ke tafiya shi kaɗai ma sai ya ɗauke ta a bayansa. Abin da ba a yi shi ne a bar ta a tsakiyar jirgi, don haka in yara sun ƙara tarago, su matsar da ita.

Jirgin kaya marar birki a dukkan taragu yana ƙarewa ne da taragon birki, inda mai kula da jirgi yake zaune. Shi yana da ƙarin fitilu biyu a gefe da gefe, ja ta baya, fari ta gaba, don direba in ya waiwayo ya ga wutsiyar jirginsa tana biye. Ita fitilar ƙarshen, idonta ne kawai ja. Jikinta kuwa, a zamanin bayan 1948, fari za ki shafa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe. Kakana ya yi aikin reluwe, a Gangare muka taso muna jin labarin jirgin kuza. Burina in gina tashar Jos kamar yadda take a shekarun 1950. Tunda Turawan Ingila ne suka shimfiɗa mana dogo, in ɗauki tsarin fitilunsu in ɗora kawai?

AMSA: Tare da naka. A'a, kar ka ɗora. Na kuma ji daɗin wannan tambayar fiye da sauran, don mun cika gina ƙauyukan Ingila a kan teburanmu alhali tashar da ta yi garin nan tana nan a tsakiyarsa.

Turawa ne suka shimfiɗa, amma ba irin nasu suka shimfiɗa mana ba. Faɗin layinsu ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, irin wanda aka yi daga Abuja zuwa Kaduna aka buɗe a 2016. Tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne. Layi ne guda ɗaya, jirage suna jiran juna a tasha, yana ratsa daji da burtali ba shinge. Shi ya sa injunanmu na kwal suke da abin da na Ingila ba su da shi, wato babbar fitila ta gaske a goshi mai haska hanya, da ƙarfen ture dabba a ƙasa. Mahaɗinsu ma ɗaya ne a tsakiya, ba matarin karo biyu a gefe. Ka dubi hoton injunan da aka fara kawowa daga Birtaniya a 1948 aka sa musu sunayen koguna, masu manyan ƙafafu takwas, za ka ga fuskarsu daban take da ta jirgin Hornby. In ka ɗauko injin Ingila ka shafa masa fenti ka ce na Jos ne, duk tsohon ɗan reluwe zai gane tun daga bakin ƙofa.

Shekarun da ka zaɓa suna da daɗi, domin layi biyu masu faɗi daban suka haɗu a Jos a lokacin. Akwai ƙaramin layin da ya taso daga Zariya, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda ya hau tsaunin nan ya iso a 1914 saboda kuza. Sunan Bauchi aka sa masa, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan, ya ba kuza hanyar Fatakwal, daga nan ƙaramin ya fara ja da baya har aka rufe shi a 1957. Reshen da ya tashi daga Kuru ya nufi Maiduguri bai kammala ba sai 1964, don haka kar ka sa jirgin Borno a tasharka.

Ga ma'auni. In kana so ka yi amfani da layin OO da ake samu, mai faɗin milimita 16.5, ka gina jiragenka a sikelin 1 cikin 64, zai fito daidai da ƙafa 3 da inci 6. Haka masu wannan sha'awa suke yi a Ostireliya da Niyu Zilan, inda suke da irin faɗin layinmu. Ƙaramin layin Zariya kuma, layin milimita 9 a sikelin 1 cikin 87 ya kusa dacewa da shi sarai.

Fitilu kuwa, gani ya kori ji. Tsofaffin injunan ƙaramin layin suna nan ajiye a harabar gidan tarihi na Jos. Ka je da abin awo da wayarka, ka nemi izini, ka ɗauki gabansu da bayansu, ka ƙirga maƙalan da idonka. Ka nemi tsofaffin hotuna, ka leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Sannan, kuma wannan ya fi gaggawa, ka je wurin dattawan reluwe da suka rage a nan da Kafanchan, direbobi da masu zuba kwal da masu tuta. Ka kai musu goro, ka zauna, ka tambaye su me ake ratayawa a bayan jirgi, wa ke kunna ta, me ake yi in ta mutu a hanya. Ka naɗi muryarsu in sun yarda. Abin da ka samo ka aiko wa Zauren nan, zan buga shi.

TAMBAYA: Malam, na sayi wani kan jirgi kore a gwanjo, an rubuta Southern a jikinsa. Maƙalansa shida ne, ba huɗu ba. Jabu ne? Daga wani malamin makaranta a Bukuru.

AMSA: Ba jabu ba ne, Malam. Kamfanin Southern, mai kudancin Ingila, nasa tsarin daban. Layukansa sun yi rassa da yawa a kewayen Landan, don haka abin da mai sigina yake bukatar sani shi ne inda jirgi ya nufa. Alamarsu hanya take nunawa, ba aji ba, shi ya sa suka ƙara maƙalai biyu a gefen fuskar injin. Da rana fararen faifai suke ɗorawa, da dare fitila. Ka yanko faifan daga farar roba siririya. Alama ɗaya tana iya nufin hanyoyi daban a yankuna daban, saboda haka ka zaɓi hanyar da jirginka zai bi tukun, ka nemi hotonta.

Tunda ana maganar masu nasu tsari: maƙalan kamfanin Great Western na yammacin Ingila a karkace suke, domin fitilunsu ta gefe ake rataya su, kuma jikin fitilun ja ne har tsakiyar shekarun 1930 kafin su koma fari. A Amurka kuma, a zamanin jirgin kwal, launi ne ke magana. Farar fitila ko tuta a gaban inji tana nufin jirgin ƙari ne da ba ya cikin jadawali, kore kuma yana nufin akwai wani sashe na jirgin yana biye a baya.

TAMBAYA: Baba, ni dai so nake su kama da gaske. Zai yiwu? Daga wani mai gyaran waya a Farin Gada.

AMSA: Zai yiwu, ɗana, kuma hannunka ya saba da abin da ya fi wannan ƙanƙanta. Ka nemi mafi ƙanƙantar ƙwan LED mai siririyar waya, fari mai ɗan rawaya, kar ka ɗauki mai shuɗi-shuɗin nan. Layin yana ba da wuta har bolt 12, don haka sai da rizisto, wato abin rage wa ƙwan ƙarfin wuta. Mai om 1,000 zai hana shi ƙonewa, amma zai yi haske fiye da kima. Fitilar kananzir ce kake kwaikwayo, ka gwada mai om 10,000 ko sama, har sai ta zama da ƙyar ake ganinta in an kunna fitilar ɗaki. Ka shafa baƙin fenti a jikinta kafin fari, in ba haka ba duk jikin zai yi ta ƙyalli. Ka sani fa, wadda ka sa wa waya ta zauna ke nan, injin ya zama na aji ɗaya.

In ka ga tana ƙiftawa, kar ka zargi haɗinka. Ƙurar hunturun Jos ce a kan layi da ƙafafun jirgi. Goge su da tsumma marar gashi da ɗan sifirit, ka riƙa rufe teburin da zani. Na'urar wutar da aka aiko daga Ingila tana shiga soket ɗinmu kai tsaye, ƙarfin wutarmu ɗaya ne, amma ka haɗa ta da sitabilaiza, kuma ka zare ta kafin a tayar da janareto.